Maɓallin Manaja

Manaja ya shigo ɗakin taro yana rangaji, bakinsa har kunne, ya sa aka tara masa ma'aikata kaf.

Kamfanin da ke ba su hayar manhajar ofis ya sauya ƙa'ida: daga bana kowace kwamfuta da lasisinta, kuma shugaba na iya kulle wadda ya ga dama daga kujerarsa. Tun zamanin tafireta yake mafarkin irin wannan iko.

"Yau asirin malalata zai tonu," in ji shi, yana murza hannu. "Kwamfutar da ta fi kowacce zaman banza zan kulle, mai ita kuma ya tattara komatsansa. Kai Akawu, fara sallama da abokai."

"Ranka ya daɗe, a duba sunan tukuna," in ji sakatariya.

"Ba ruwana da suna, 'yata."

Ya danna maɓallin yana dariya har da ƙwalla. Kowa ya buɗe tasa kwamfutar. Duk suna aiki lafiya lau.

"To, ta wa aka kulle?"

Sakatariya ta sunkuyar da kai. "Taka ce, ranka ya daɗe. Wadda muke ɗora maka tiren shayi a kanta."