Rigar Farautar Salmanu

Rana tana ƙona titin Al Quoz, can ƙasar Larabawa, kamar bakin murhu, shi kuwa Salmanu yana cikin shagon kayan farauta yana gwada rigar sanyi.

Mai jiran shagon, Mujeeb, ɗan zangon Kumasi ne, mutum mai son surutu. Da ya ji Hausa a bakin mai saye sai ya saki jiki. Salmanu ya ce maigidansa zai raka farautar awakin dutse, can inda sanyi ke kisa. Da aka tambaye shi sunan ƙasar, sai ya ce ya manta.

Riga yake so mai ɗumi, marar nauyi, baƙa, wadda ba ta ƙara idan an motsa. Kuma zai daɗe a zaune wuri guda. Mujeeb ya gyaɗa kai, ai haka mafarauta suke kwanton ɓauna.

Ya ciro guda biyu. Ɗaya cike da gashin agwagwa, ta fi ɗumi, nauyinta bai kai na hula ba. Ɗayar ta zaren roba ce, ta ɗan fi nauyi.

"Ɗan'uwa, ka faɗa mini gaskiya, akwai ruwa a wurin? Ta gashin nan in ta jiƙe, khalas, shi ke nan, tsumma ce."

Salmanu ya dubi ƙofa. Gaskiyar ta zo masa har baki, tsoro ya mayar da ita.

"Dutse ne kawai," in ji shi.

Ya ɗauki ta gashin. Mujeeb ya raka shi da addu'a, har da roƙon a kawo masa tsarabar kilishi.

Ranar tafiyar, da farko rigar ta yi aikinta. Salmanu ya duƙunƙune, yana tunanin matarsa Wasila da ke jiran kiransa. Sai ƙanƙara ta fara narkewa tana ɗiga masa a wuya. Gashin ya sha ruwa ya kwanta. Haƙoransa suka kama kaɗawa, ya cusa hannun rigar a baki don kada a ji shi. Jira ya yi tsawo. Daga baya rawar jikin ta tsaya, barci mai daɗi ya zo.

Da layi ya kawo kan motar kifi mai ƙanƙara da ya ɓuya a ciki don tsallake iyaka, jami'an kan iyaka suka buɗe ta, suka same shi a sandare bayan akwatuna, mutumin da kamfanin da yake wa aiki ya riƙe wa fasfo ya kuma kai ƙararsa cewa ya gudu.