Kwalabe Huɗu

Sau uku Ummukulsum tana tashi daga bencin asibitin mishan, sau uku tana komawa. Zama ya ƙi, tsayuwa ta ƙi.

Ciwon ciki ya ci ubanta a ƙauyensu Allakaye, ya ci wanta Tsoho, ya ci ƙanwarta tana goyo. Tsofaffi sun ce iskokin gida ne suke fushi tun da aka daina yi musu yanka. Likitar mishan kuwa ta ce ciwon daji ne, kuma gadonsa ake yi kamar gona. Bara aka aika jinin Ummukulsum Turai, bana, 1999, amsa ta dawo: tana ɗauke da abin. Duk wanda ta haifa sai an auna shi. Wanda aka gane da wuri, a sa masa ido, a yi masa aiki kafin ciwon ya kankama. Wanda aka tsallake, sai dai Allah.

Ita kaɗai aka yi wa wannan bayani. 'Ya'yan ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Da hantsi Priscilla, mai yi wa likita tafinta, ta buɗe littafi. "Inna, ɗiya nawa gare ki?"

Ummukulsum ta sunkuyar da kai, ta nuna ƙofa da haɓa. "Ga su nan tsaye." Ta jero Halidu, Alƙasim, Salamatu da Mutari. Priscilla ta rubuta huɗu. Aka ce su miƙa hannu, suka miƙa. Kwalabe huɗu na jini suka shiga akwatin ƙanƙara. Motar Yamai za ta ɗauke shi bayan azahar, kuma ba a sake aikawa sai baɗi.

An gama ke nan, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta ɗaure zane, ta kwance. Ta ɓare goro, ta manta shi a hannu. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa.

Can gindin bishiyar bedi, Gado, direban da ya kwaso su daga ƙauye, yana duƙe yana jiƙa kanwa a moɗa. Sau biyu ya tsayar da mota a hanyar Bouza ya zaga bayan dutse, fasinjoji na yi masa tsiya wai ya ci waken jiya. Ummukulsum ta kawar da kai. Tun asuba ko sannu ba ta ce masa ba. An san ta da kunya tun tana amarya, har kwatance ake yi da ita a garin.

Aka yi azahar. Aka fito da akwatin, aka tayar da motar Yamai.

Sai ga Ummukulsum ta taho ba takalmi, ta dafa murfin akwatin da hannu biyu.

"Ku dakata. Da saura."

"Inna, ai huɗu munka rubuta," in ji Priscilla.

"Ke kinka ce huɗu, ɗiyata. Ni ban ce ba."

"To wane na?"

Ummukulsum ta dubi ƙasa, ta dubi 'ya'yanta, sannan ta juya wajen bedi, gaban jama'a, ta ɗaga murya.

"Gado, taho a ɗebi naka."

Direban ya miƙe a hankali. Shekara talatin da huɗu ke nan tun da aka yaye shi aka kai wa kakarsa ta wajen uba, yau ne ya fara jin sunansa a bakin matar da ta haife shi ɗan fari.