Jinin Bajimin Abu Afnan

"Riƙe shi da kyau, ya Jumare," in ji likitan dabbobi, yana soka wa bajimin allura.

Jumare, mai kula da bajimin, ya riƙe shi gam. Ƙungiyar masu kiwo ta Madina ta daɗe tana ja-in-ja, wasu na cewa takardar asalin dabba ta isa, wasu na cewa sai an gwada jini. Masu gwaji suka yi rinjaye, abu ya zama dole. Kafilin Jumare, wato ubangidansa mai gonar, Abu Afnan, bai san cewa maraƙin da aka yi wa rajista ya mutu a hannun Jumare tun bara waccan ba. Tsoron kora ya sa Jumare ya sayo mai kama da shi a ɓoye, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ran da sakamako ya fito, Abu Afnan ya iso gonar fuska a murtuke.

"Jininsa tsantsa ne, babu gauraye."

Jumare ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi."

"Dakata tukuna. Ɗan saniyar shugaban ƙungiya ne, maraƙin da aka sace aka kashe mai gadinsa. Ga 'yan sanda can a ƙofa, mai kula da shi suke nema."