Kwalbar da Elroy Ya Jefa a Shara

Ku yaran yanzu, idonku na kan kwalba, ba ruwanku da abin da ke cikinta. Kuma ba ku duba abu kafin ku jefar. Ku zauna ku ji abin da ya sami Elroy, ɗan maƙwabciyata a nan Worcester, garin gonakin inabi.

Elroy yana ɗaukar faranti a wani otal. Yana son wata yarinya, Lizelle, sai ya gayyaci mahaifinta, Baba Koos, cin abinci, don a fara maganar aure. Bai taɓa ganin tsohon ba. Abin da ya sani kawai, yana aikin inabi. To wa ba ya aikin inabi a nan?

Ya gasa kifin teku da ake kira snoek da kansa, ya dafa dankali mai zaƙi. Kifi irin wannan farar giya yake so, mai sanyi, mai ɗan tsami. Ya sayo mafi araha a kanti, ta ƙungiyar ma'aikatan gona, mai zanen wani tsoho a jiki. Ta dace da kifin sarai. Amma kunya ta kama shi. Ya juye ta a wata kwalbar masu kuɗi da ya tsinto a otal, ya cusa ta asalin a kwandon shara, ya zuba hanjin kifi a kai.

Baba Koos ya iso tare da Lizelle, ya rataye hularsa mai gashin zabo a bayan ƙofa. Ya ci kifi. Ya kurɓi giya, ya sake kurɓa.

"Ɗana, wannan ta yi," in ji shi.

"Ai dole, Baba. Ba irin ta 'yan ƙungiyar nan ba ce. Waccan ko ƙafa ba zan wanke da ita ba."

Lizelle ta take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya ɗauka soyayya ce, ya yi mata murmushi.

Tsohon ya ci gaba da cin kifinsa. Ya cinye, ya ɗauki farantinsa, ya ce shi zai zubar da ƙayar kifinsa da hannunsa, haka aka rene shi. Ya ɗan jima a kicin.

Da ya fito, ya sa hula.

"Tsinkar inabi na zuwa. In kana son 'yata, ka zo gona da almakashi. Sai an tsinke na ƙarshe za mu yi magana."

Haka Elroy ya yi kaka guda yana tsinkar inabi cikin zafin rana, hannu ya tsage, baya ya ƙage, mata suna masa dariya. Bai taɓa tambayar dalili ba. Don tun a ranar cin kifin, bayan sun tafi, ya leƙa kwandon shara. An share hanjin kifin daga kan kwalbar, tsohon da ke jikinta yana kallonsa, da hularsa mai gashin zabo.