Majanyin Ulu Mai Kala Biyar

Akwai wasu mata a wata unguwa, ba sai na faɗi ko wacce ba ce, da suke haɗuwa duk Laraba bayan la'asar a gidan ɗaya daga cikinsu. Saƙar kwarashi suke yi. Ba sana'a ba ce, marmari ne kawai. Kowacce ta saƙa abinta a gida, in Laraba ta zo ta ƙunso shi a leda ta kawo a gani. Wannan hular jarirai, waccan safa, wata marfin fulas, wata ma rigar filo ta yi wata uku tana kanta har ana tsokanarta wai sai filon ya yi furfura zai saka. In kin kawo naki sai ya zaga hannu hannu, kowa ta juya bayansa ta duba, don a wajensu a baya ake gane mai hannu. Gaba kam kowa ma ya iya.

To a cikinsu akwai wata mai goyo, 'yarta wata shida. Ita ce ƙaramarsu, kuma ta fi kowa saurin hannu. Ta ce ita majanyi za ta saƙa, na ulu, kala biyar. Kin san kala biyar canjin zare ne da yawa, duk inda wani ya tsaya sai an ƙulla wani. Yadda ake yi, in kin ƙulla sai ki bar bakin zaren kamar tsawon yatsa, ki sa allura ki cusa shi cikin saƙar ya ɓuya. Amma ko ya ɓuya yana ɗan yin tudu, ita kuma tudun nan ne ba ta so. So take bayan ya fito sumul kamar gaban. Sai ta ɗauki reza, ta bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya tana aske bakin zaren daf da gindinsa. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da ta kawo shi, masha Allah kawai kike ji, ana ta ɗaukar hoto a waya. Har ya zo hannun wata tsohuwa da suke ce wa Gwaggo. Idonta ya yi rauni, da babban yatsa take duba saƙa. Ta shafa, ta shafa, sai ta tsaya. Ta ce, "'Yar nan, ina kika kai bakin zarenki?" Mai goyo ta ce ai sirrinta ne. Tsohuwar ta ce, "Ki warware ki sake. Ƙullin nan ba abin da ya riƙe shi, wanki zai sassauta shi. Da marfin fulas ne ba zan yi magana ba, amma wannan mutum za ki ɗaure da shi." Mai goyo ta ji kunya ta rufe ta, sai ta mai da abin wasa, ta ce, "Gwaggo in so kike in koya miki, ki ce in koya miki mana, ba sai kin kushe ba." Aka kwashe da dariya. Wata ta ƙara da cewa masu ido ba su ga aibu ba sai mai lalube. Tsohuwar ta ninke majanyin ta miƙa mata, ta ce Allah ya raya yarinya.

Ba wai maganar ba ta shige ta ba fa. Da ta koma gida ta sa farce ta ja ƙulli ɗaya, ta ga bai motsa ba, hankalinta ya kwanta. Kuma warwarewa aikin sati uku ne, sannan a ce tsohuwa ta fi ta. Ta wanke shi sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu, lafiya ƙalau, har ta ce a zaman Laraba, "Gwaggo, wanki na huɗu ke nan," aka yi dariya. Da zafi ya shigo sai ta riƙa ɗaura zanin goyo sakwa-sakwa don yarinya ta sha iska, majanyin ne ke riƙe da komai. Wata safiya tana dakan gero, duk sarar taɓarya ɗaya ƙullin yana ja kaɗan. Ulu ba ya yin ƙara in zai saki. Ita dai ta ji bayanta ya yi sakayau. Ƙulli ɗaya ne ya zame, layin gaba ɗaya ya bi shi, yarinyar ta sauka da ƙugu a kan bakin simintin rariya.

An kai ta wajen mai ɗori, an kai ta asibiti. Ta rayu. Kafin mutane su shigo uwar ta riga ta cusa majanyin a murhu, ta ce wa mijinta da kowa zani ne ya kwance. Kar ki tambaye ni yadda aka yi na sani. Zaman Laraba kuma uwar ba ta sake zuwa ba. Tsohuwar ta zo dubiya da 'yar furarta, ta zauna bakin ƙofa, sannu kawai ta ce, Allah ya ba ta lafiya, ta tashi. Da ma zaginta ta yi da ya fi wa uwar sauƙi. Yanzu yarinyar shekararta huɗu. In yara sun ruga da gudu ita ce a baya, tana jan ƙafar hagu tana cewa su jira ta, uwar tana daga ɗaki tana jin ƙarar jan ƙafar a ƙasa.

Shi ya sa Hausawa suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.