Barcin Umma a Lambun Basarake

Ina 'yar shekara bakwai Umma ta kai ni wani tsohon gidan basarake a bakin kogin Nilu, wanda aka buɗe wa masu ziyara. Aikatau take yi a unguwar Dokki, da kyar ta samu hutun ranar. Muka zagaya ɗakuna masu fitilu kamar yayyafi ya daskare a rufi, sannan muka fito lambu. A gindin wata bishiya mai saiwoyi suna reto, ta jingina, barci ya ɗauke ta. Ƙanshin furen lemo ya cika wurin. Ban taɓa ganin barcinta da rana ba.

Mai gadi ya zo yana kaɗa makullai. "Yalla, ku tashi, za mu rufe."

Na riƙe rigarsa, na ba shi haƙuri da Larabci, ina kiransa kawu. "Ma'alish, Ammu, ka bar ta kaɗan. Ta gaji."

Ya dube ta, ya dunƙule makullan don kada su yi ƙara, ya tsaya yana jira.

Da ta farka ta yi murmushi. "'Yata, na yi mafarki gidan nan namu ne, kuma wani ne ya share."

A lokacin dariya na yi. Sai da na girma maganar ta fara sa ni kuka.