Wa Ke Tsinke Mini Mangwaro?

Mangwaro huɗu suka rage a bishiyar. Jiya shida na ƙirga.

Shekara huɗu ina jigilar ruwa a kan mashin saboda wannan mangwaron ɗan aure, a Gagarawa, inda ko darbejiya sai ta yi haƙuri. Bana ya fara 'ya'ya, tara kacal, kuma wani yana tsinke su tun suna ɗanyu shar.

Na kasa zama. Na zaga katanga, na duba sawu, na dawo na sake ƙirgawa. Reshe ɗaya ya leƙa gidan maƙwabcina Mannir, kuma 'ya'yansa ba sa jin magana. Na nufi ƙofa.

"Ina za ka, fuska kamar an aiko maka da mutuwa?" in ji Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe.

"Gidan Mannir. Yau sai dai maƙwabtakar ta ɓaci."

Matata Munira ta fito daga ɗaki da sauri. Ta dube ni, ta koma ciki.

Inna ta ajiye rariya. "Kai dai ka yi sakandare a banza. Leƙa bayan randarta."

Na leƙa. Ƙwallaye biyar, an gwaigwaye su tas, ga ƙullin gishiri da yaji.

"Ita ce ɓarauniyar?"

"Su biyu ne, ita da na cikinta. Cikin fari ne, kunya ba za ta bar ta ta faɗa maka ba. Je ka tsinko musu ɗaya."

Na tsinko duka huɗun.